Ranar da Aka Sako Mana Gulbi

A Madarumfa, lokacin da nake yarinya, ba a cewa gulbi ya cika, ba a cewa gulbi ya zo. Cewa ake yi gulbi ya kawo. Ba mai tambayar abin da ya kawo, don kowa ya sani. Yana kawo ruwa ja mai kauri kamar kunun jar dawa, yana kawo laka da kifi da itatuwan da ya tumɓuke can kudu, wata shekarar har da mushen akuyar wani bawan Allah da ba mu sani ba. Sai ya hau fadama ya shimfiɗe, ya bi mashigarsa ya cika tafki, ya yi kwanakinsa, sannan ya janye ya bar mana baƙar ƙasa mai santsi wadda ƙafa ke nutsewa a cikinta har idon sawu. Da abin da wannan ƙasa ta fitar aka raine ni.

Babana yana da gona a fadamar, gadon kakanmu, tasu ce su biyu da ƙaninsa, Baffa. Baffa tun yana saurayi ya ce shi bayansa ba na duƙe ba ne, ya tafi Maradi ya koyi ɗinki, sai dai a aika masa da rabonsa in an girbe. Baba ne ke cikin gonar. In ruwa ya janye sai ya bi sawunsa da dashe: taba a nan, tumatir a can, dankali da kabewa a gefe. Ban taɓa ganin ya sayi taki ba. In rani ya yi nisa ƙasa ta fara bushewa, akwai 'yar rijiya a tsakiyar gonar da jigo a kanta, kuma ruwan yana kusa ƙwarai, in ka leƙa kana ganin haƙoranka.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. "Ke" nake, ko "yarinyar ga", ko da na tara 'ya'yana. Amma ni ya fi sakewa da ni a kan zancen gulbi. Shi ya nuna mini cewa ruwan da ke ciyar da mu ba a kanmu yake sauka ba, a ƙasar Katsina yake sauka, gulbi ya ɗauko mana shi. Da damina, in an yi la'asar, yakan zauna a kan wani kututturen gawo a bakin gonar ya fuskanci kudu. Yana duban nauyin hadari, da inda walƙiya ke wasa, da irin iskar da ke biyo baya. In ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ku ɗebe kayanku daga cikin rairai," to, kowa sai ya janye jakinsa da tulunansa, don gulbi yana hanya. Mutane sun yarda da shi a kan wannan, shi ma ya yarda da kansa, har abin ya ɗan yi masa yawa.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kunyata shi, wato Kawu, ƙanin Inna. Su Inna mutanen ƙetaren iyaka ne, ƙauyensu yana bakin gulbin nan namu can sama, kafin ya shigo ƙasarmu. Kawu kuwa, da yake ƙanin mata ne, wasa ke tsakaninsa da Baba, kuma ya riƙi wasan nan kamar sana'a. Wata shekara da rani tsakiya, Baba yana barcin rana a zaure, Kawu ya faɗo a guje yana ihu, "Mijin Yaya, tashi! Gulbi ya kawo, ya tahi da jakinka!" Baba ya zabura ya bazama da takalmi wari guda. Sai da ya isa bakin gulbi ya tarar da rairayi yana ta ƙuna, jaki na tsaye a inuwa yana korar ƙuda. Garin nan kaf an shekara ana ba da labarin. Mai karanta sama guda, an tashe shi ya yi gudun ambaliya da rani! Baba ya yi dariya tare da kowa, amma na san abin ya tsaya masa a wuya, don ya rantse a gabanmu cewa mutumin Ingilishin nan ba zai ƙara samunsa ba. Haka tsofaffinmu ke kiran mutanen Najeriya in ana tsokana.

Saboda haka ranar da Kawu ya zo ya ce, "Mijin Yaya, za a ɗaure gulbi," Baba ko ɗago kai bai yi ba.

"Ƙaƙa za a ɗaure gulbi? Jaki ne?"

"Wallahi da idona na ga motocin. Tudu guda suka tadawa daga wannan gaɓa zuwa waccan."

"To in sun ɗaure shi ka ce su ba shi dusa."

Ba wasa ba ne. Su can suna ce masa dam, mu nan muna cewa baraji, rediyo kuma ya ce madatsar ruwa. Kowane suna ka ba shi, bango ne aka gitta wa gulbi. Mun ji alkawura a bakin masu zuwa kasuwa: wai ruwa zai riƙa zuwa a tsare, babu ambaliya, za a yi noma rani da damina, har wutar lantarki za ta wadata. Ni dai abin da na sani, ba wanda ya tako ƙafa ya zo fadamarmu ya ce, ku da kuke ƙasa da mu, me kuka gani? Gulbin da muke sha tun kaka da kakanni aka yi wa ƙofa da makulli, aka ba wani mutum da ba mu taɓa gani ba ya sa a aljihu.

Su Kawu ne suka fara biya. Ruwan da aka tare ya koma baya ya haɗiye ƙauyensu, da gonakinsu, da tsamiyar da ake cin kasuwa a ƙarƙashinta. Aka kwashe su aka zube a kan wani tudu mai tsakuwa inda ko gujiya sai ta yi da gaske. Kabarin kakata ta wajen uwa yana ƙarƙashin ruwan nan har yau. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kawu ya bar noma ya koma yi wa motocin kaya kamasho, yana bin su kasuwa kasuwa, kuma tun daga lokacin bakinsa ya mutu. Yana zuwa gidanmu ya gaida Inna, ya ci tuwo, ya tashi. Baba ne ke ta jan sa da tsokana shi kaɗai, bai lura cewa abokin wasan nasa ya daɗe da ajiye wasa ba.

Damina ta farko bayan an rufe ƙofar, hadari ya haɗu a kudu baƙi ƙirin, walƙiya ta yi ta wasa. Baba ya tashi daga kan kututturensa ya ce a ɗebe kaya daga rairai. Aka ɗebe. Aka jira. Gulbi bai kawo ba. Aka sake yin wani hadarin, ya sake faɗa, aka sake jira. A karo na uku wasu ko jakunansu ba su kwance ba. Da ruwan ya ga dama ya zo, can damina ta yi nisa, sai ya zo siriri, garau, kana hango ƙasan gulbi ta cikinsa. Bai ko hau fadama ba. Mata suna murna wai ruwa mai kyau, ba sai an jira ya kwanta ba. Baba ya tsuguna ya kamfata da hannu ya kurɓa, ya furzar.

"Ruwan ga an cinye mishi abinci," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa. Lakar da ke ciyar da gonakinmu can take kwanciya a bayan bango, ba ta amfani kowa ba, mu kuma a aiko mana da tatacce.

Fadama ba rana ɗaya ta mutu ba, shi ya sa ba wanda ya yi mata zaman makoki. Baƙar ƙasar ta fara yin fari tana tsagewa. Rijiyar Baba ta ja baya, ya ƙara wa guga igiya, ya sake ƙarawa, har jigo ya daina kaiwa. Ya yashe ta, ta ba shi ruwa shekara guda ta sake gudu. Itatuwan kanya da ɗorawa da ke bakin gaɓa suka soma bushewa daga sama, masu itacen wuta suka ƙarasa su. Tafki ya riƙa ja da baya yana barin taɓo, masunta suna fitowa da 'yan kifayen da a da yara ake bar wa. Samarin unguwarmu suka fara ɗaukar jaka suna tafiya ci-rani. Wanda ke da hali ya haƙa rijiya mai zurfi ya ɗora mata injin ban ruwa. A da gulbi ke kawo mana ruwa da taki har cikin gona, kyauta. Yanzu ruwa sai ka sayi esansi, wato fetur, ka zuba wa inji, taki sai ka sayi buhu, kuma duka biyun daga can inda aka tare ruwan ake shigo mana da su. Wannan abu in na tuna shi har yanzu sai in ji raina yana tafasa.

Akwai wani Alhaji a garinmu mai motocin kaya da ke zirga-zirga tsakaninmu da Najeriya. Ba mugu ba ne, ban taɓa jin ya ƙwace wa kowa komai ba. Shi dai yana da injuna, yana da esansi a gida kamar ruwan randa, kuma duk wanda fadama ta gagara sai ya je ya same shi. Ya sayi gonar da ke gabas da ta Baba, ya sayi ta arewa, ya bi sauran na kewaye ya saye. Ta Baba ta rage a tsakiya, busasshiya, kewaye da kore shar na Alhaji, injuna suna ta ruri ta kowane gefe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baffa ya gaji da karɓar rabon da bai cika ƙwarya ba, ga iyali, ga ɗinki ya ja baya. Ya zo daga Maradi suka zauna da Baba a zaure. A lokacin na yi aure, ina da goyo, ina sayar da tuwo a tasha, amma ranar ina gida na kawo musu ruwa, kuma ban yi saurin fita ba.

"Yaya, gonar ga ta mutu," in ji Baffa. "Mu sayar tun tana da daraja, kowa ya kama wani abu."

"Ƙasa ba ta mutuwa. Ƙishirwa taka ji."

"To mi za ka ba ta ta sha? Hawaye?"

Baba ya ce, "Ka ba ni ranin ga guda. In na samu abin da zan haƙa rijiya in sa inji, gona ta zamna. In ban samu ba, ka kira Alhajin, ni zan riƙe mishi igiyar awo."

Baffa ya yarda. Ba na zarginsa, ko da yake na yi shekaru ba na sakar masa fuska. Haƙƙinsa ya nema.

Dabarar Baba ita ce ya sauka cikin gulbin kansa. Fadama ta bushe, amma a tsakiyar gulbi, in ka tona rairayi kamu ɗaya, akwai sauran damshi. Dama can mutane kan ɗan yi dashe a wurin da rani, kaɗan kaɗan, don kowa ya san cikin gulbi da rani ya fi ɗaki aminci. Gulbi ba ya zuwa sai da hadari, hadari ba ya zuwa sai da damina, wannan ko yaron goye ya sani. Baba ya sayar da jakinsa da ragon da Inna ke kiwo, ya sayi iri. Ya kama wani dogon fili a cikin rairayin daidai ƙasan gonarsa, ya yi ramuka, ya riƙa ɗauko takin dabbobi a ka yana zubawa rami rami. Ya shuka kankana, ya dasa tumatir da dankali. Mutumin da furfura ta gama cin kansa, ya wuni yana jan ruwa da gwangwani daga 'yan ramukan da ya tona.

Allah kuwa ya ba shi. Ban taɓa ganin kankana irin ta shekarar ba, kwance cikin yabanya kamar tulunan da aka kife. Dankali ya tsage rairayi. Tumatir ya fara ja. Masu wucewa a amalanke suna tsayawa su yi masa barka, shi kuma yana ta noƙe kai yana cewa da sauran aiki, alhali murna ta cika shi har kunne. Ya riga ya yi magana da mai haƙar rijiya. Ni kaina na fara yarda gonar za ta zauna.

Ranar wata kasuwa ina tasha ina kwasar tuwo, sai ga Kawu ya diro daga bayan wata motar kaya. Bai ko zauna ba. Ya ja ni gefe.

"Ɗiyata, motarmu ba ta tsayawa, Maradi muka nuhwa. Ki tahi yanzu ki gaya ma tsohonki ya kwashe abin da ya iya kwashewa daga cikin gulbi. Za a sako ruwa."

"Ruwa, Kawu? Yanzu da rani?"

"Masu gadin dam ɗin na ji suna hwaɗi a wajen mai shayi. Gyara za a yi ma ƙohwar, sai an rage ruwan. Ban san ranar ba, amma ba nisa. Ki ce mishi don Allah, ba wasa nika ba."

Na bar wa maƙwabciyata tukunya na tafi da goyona. Na tarar da Baba a tsakiyar kankanarsa yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Na gaishe shi na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni. Ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya juya kudu. Sama fes, ko gajimare guda babu, shamuwa ba ta ma zo ba. Ya daɗe yana dubawa, kamar yadda ya saba, sannan ya fashe da dariya.

"Mutumin Ingilishi ya dawo da halinshi! Ki ce mishi na gode, wannan karon takalmina biyu na ƙahwata."

"Baba, Kawu bai yi dariya ba."

"Ai shi ya sa ya iya wasan. Waccan shekarar ma bai yi dariya ba sai da na kai bakin gaɓa."

"Ko dankalin ne a haƙe, Baba. Ko tumatirin da ya nuna. In ƙarya ce ba a yi asara ba."

"In haƙe dankali bai gama ƙosawa ba, in tsinke kankana ɗanya, garin ga su samu abin dariya na wata shekara? Ke, dubi bisa. Ina hadarin? Ruwa daga bisa shika zuwa, ba daga ƙohwa ba."

Na ji kamar in kurma ihu. Ina da baki, duk tasha an san ni da shi, direban da ya ci tuwona ya nemi zillewa ya sani. Amma uba uba ne. Na ƙara roƙonsa sau ɗaya, ya ɗaga mini hannu, na juya na tafi. Na je na gaya wa Inna, ta yi masa magana da daddare, ya ce da ita ƙaninta ya saye ta. Su ma maƙwabtansa na cikin gulbi da na gaya wa, sai suka dubi sama, suka dubi Baba, suka ci gaba da aikinsu. In mai karanta sama bai motsa ba, su wa?

Bayan 'yan kwanaki na kai masa fura da rana tsaka. Zafi ake yi irin wanda ke sa kare ya rasa inda zai sa kansa. Yana zaune a gaɓa yana sha, ni ina gyara goyo, sai na ji wani ƙamshi da bai kamata in ji ba, ƙamshin ƙasa in ruwan fari ya taɓa ta. Sai kuma wata ƙara daga kudu, shuuu, ƙasa ƙasa. Baba ya ajiye ludayi. Abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga kai ya dubi sama. Wallahi sama ya duba.

Ruwan ya ɓullo ta kwanar gulbi yana turo kumfa da karmami a gabansa. Da farko bai fi idon sawu ba, yana tafe yana shanyewa cikin rairayi, har na ce a raina ƙila iyakarsa ke nan. Kafin in gama tunanin na bayansa ya iso. Baba ya dira cikin gulbi yana gudu, ya rungumi kankana guda, ya kai gaɓa, ya koma. Ruwa ya kai masa gwiwa. Yabanyar ta tumɓuke gaba ɗaya da saiwarta, don rairayi ba ya riƙe komai. Ban san kankana tana iyo ba sai ranar. Suka taso sama, ɗaruruwa, suna juyawa suna karo da juna, suka kama hanyar arewa. Baba yana tsakiyarsu ya buɗe hannuwa yana tare wannan, waccan tana wucewa ta ƙarƙashin hammatarsa. Da ruwa ya kai masa ƙugu na shiga da goyona a baya na cafki rigarsa na ja. Ban taɓa sa hannu a jikin mahaifina ba sai ranar, kuma ban ja shi da ladabi ba.

Muna fitowa sai ga yaran gari sun biyo gaɓa a guje, tsirara da masu wando, suna tsalle suna ihu, "Gulbi ya kawo! Gulbi ya kawo!" Ba laifinsu, yawancinsu ba su taɓa ganin ruwa mai yawan haka a gulbin ba. Baba yana zaune a ƙasa, riga ta manne masa, kankana guda a gabansa. Ya ɗaga murya, muryar da ban san yana da ita ba.

"Ku yi mini shiru! Bai kawo ba. Sako shi anka yi."

Yaran suka yi tsit. Ya ƙara faɗa a hankali, shi da kansa, "Sako shi anka yi."

Ruwan bai daɗe ba. Bai hau fadama ba, bai jiƙa gonar Baba ta sama ko da taki ɗaya ba, tafki ma ɗan abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Ya share cikin gulbi ya wuce, ya bar rairayi sumul kamar ba a taɓa dasa komai ba. Dankalin da ya rage a binne ya ruɓe. Daga baya muka ji mutanen wajen Safo, can arewa da mu, sun sha kankana kyauta har sun ba dabbobi, suna cewa arzikin Allah ne ya biyo ruwa. Ba wanda ya mutu, saboda haka ba wanda ya zo. Ko mai shela ba a turo mana ba kafin a sako, ko mai jaje ba a turo mana ba daga baya. Mutumin da ya murɗa makullin nan na tabbata ya koma gida ya ci tuwonsa, bai san akwai wani tsoho a ƙasa da shi ba, kuma wannan rashin sanin nasa ya fi ƙona mini rai fiye da a ce da gangan ya yi.

Kawu ya zo ranar kasuwa ta gaba. Ya tsaya a ƙofar zaure ya kasa shiga. Baba ya dube shi ya ce, "Shigo mana. Ka ci wasan." Kawu ya tsuguna ya rufe fuska da hularsa ya ce, "Mijin Yaya, da ma ƙarya na yi." Suka zauna, wanda ruwa ya cinye wa gida da wanda rashin ruwa ya cinye wa gona, Inna ta aiko musu da tuwo ya huce a gabansu.

Baba ya cika alkawari. Shi ya aika aka kira Baffa, shi ya riƙe igiyar awo. Alhaji ya biya ba tare da ja-in-ja ba, ya ma ce Baba ya zauna ya riƙa duba masa ma'aikata, Baba ya ce ya gode. Kafin damina an cike 'yar rijiyar jigo, an fasa kututturen gawo an yi itacen wuta da shi. Baba ya yi shekaru bayan haka, yana ɗan saƙar igiya a ƙofar gida. In hadari ya haɗu a kudu mutane suka tambaye shi, "Malam, ƙaƙa ka gani?" sai ya ce, "Ku tambayi mai makulli." Ban ƙara ganin ya ɗaga kai ya dubi wajen ba.

Yau ni ma na tsufa. Na bar tuwo, ina da firiji a gida ina sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Tumatirin da nake miya da shi, in na bi sawunsa, wani daga gonar ubana yake fitowa, da kuɗina nake saye. Wutar da ke kunna firijin kuwa, wadda muke ce wa kuran, an ce daga wata babbar madatsa take zuwa can cikin Najeriya, wadda ta ninka wadda ta kashe mu, inda aka tashi garuruwa ba ƙauyuka ba. Rediyo kuma tun ina budurwa yake cewa za a gina tamu a kan babban kogi can yamma, kowa ya huta. Ina son wuta, ba zan yi ƙarya ba, da ita nake ci. Amma duk wanda ya ce mini tana da arha, nakan ce ya je ya tambayi wanda ke zaune ƙasa da bangon, da wanda ke zaune sama da shi. Kuma ita ma wutar a hannun mai makulli take. Ya ga dama ya ba mu, ya ga dama ya ɗauke, ƙanƙarata ta narke ta bi tsakar gida.

Kwanan baya an ɗauke ta tun safe. Muna zaune a inuwa da jikata, 'yar wajen ɗana, tana aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ina tsince shinkafa tana taya ni. Can da yamma firiji ya yi gurnani, unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, yara suna tsalle suna ihu, "An kawo! An kawo!" Ita ma ta tashi ta yi tsallenta ta dawo. Ihun ya tuna mini, na ce da ita, "Mu da muna kamarku, ba wuta muke yi ma wannan ihun ba. Bakin gaɓa muka zuwa mu yi ta kiran gulbi ya kawo."

Ta dube ni, tana jiran in ƙarasa maganar. Can sai ta ce, "Kaka, ya kawo mi?"

Na ce ta tashi ta zuba ruwa a leda mu sa a firiji tun ba a ɗauke ba.